Ƙari ko kumburi a gaban mace: abin da ya kamata ku sani kan sikanin da gwajin tsoka

Da yawa daga cikin matan Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, idan suka ji ƙululu ko kumburi a gabansu lokacin tsarki, hanya uku suke bi kafin su ga likita. Ta farko shiru, a zuba ido ko zai baje da kansa. Ta biyu kyamis ko mai maganin gargajiya, a ce sanyi ne ko basir, a karɓo na sha da na shafawa da na matsi. Ta uku, wadda ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, ita ce a zarce wurin masu sikanin, a biya kuɗi, a karɓi takarda. Idan takardar ta ce mahaifa lafiya, gidan ƙwai lafiya, sai hankali ya kwanta, alhali ƙululun na nan inda yake.

Sikanin ɗin mara da aka saba yi, mahaifa da gidan ƙwai da mafitsara yake nunawa. Leɓɓan farji da bakinsa da ƙasan bangonsa ba sa cikin abin da yake haskawa. Ko da an kai na'urar daidai wurin, abin da hoto ke iya faɗi shi ne inda ƙarin yake, girmansa, da ko ruwa ne a cikinsa ko tsoka. Yanke hukuncin ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne, wannan sai an duba da ido, an taɓa da hannu, sannan an gutsuri ɗan abin an kai ɗakin gwaji. Wadda ta san wannan jeri ba za ta zubar da kuɗinta a banza ba, ba kuma za ta ɓata watannin da suka fi kuɗin tsada ba.

Me ke kawo ƙari a wannan wuri?

Mafi yawan ƙululun da ke fitowa a gaban mace ba ciwon daji ba ne. Wanda aka fi gani a asibiti shi ne kumburin Bartholin. A bakin farji, ƙasa-ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, akwai wasu 'yan halittu biyu masu tsatso ruwan da ke jiƙa wurin. Idan hanyar ɗaya ta toshe, ruwan ya taru ya zama jaka, sai mace ta ji ƙululu mai laushi a gefe guda. Kusan mace biyu cikin ɗari na gamuwa da wannan a rayuwarsu, galibi masu shekara ashirin da wani abu. Idan ƙwayar cuta ta shiga, jakar takan tara mugunya cikin kwana biyu ko uku, zama ya gagara, tafiya ta gagara, wani lokaci har da zazzaɓi.

Akwai kuma jakunkunan ruwa da ke cikin bangon farji. Wasu tun a ciki aka halicci mace da tushensu, kamar wadda likitoci ke kira jakar Gartner, wadda kan zauna a sama, ta gefe. Wasu kuma bayan haihuwa suke fitowa, inda aka ƙaru ko aka yi ɗinki, fata ta naɗe ta shige ciki ta ci gaba da tara maiƙo.

Sai tsiron da ƙwayar cutar HPV ke kawowa ta hanyar saduwa, ƙanana masu kaushi, wani lokaci a cure wuri guda. Nau'i na 6 da na 11 na wannan ƙwayar ke kawo kusan tara cikin goma na irin wannan tsiro, kuma ba su ne nau'o'in da ke jawo ciwon daji ba. Tsiron kan yi yawa lokacin goyon ciki da kuma ga mai ɗauke da HIV.

Wani abin da ake ji ya leƙo ba ma ƙari ba ne. Mace mai haihuwa da yawa ko mai ɗaukar kaya masu nauyi, mahaifarta ko mafitsara ko dubura na iya zazzagowa ta turo bangon farji, ta ji abu ya sauko idan ta tsuguna ko ta yi tari, ya koma idan ta kwanta. Ƙarin mahaifa ma yakan yi jijiya ya rataya ya fito ta bakin mahaifa. A wajen mafitar fitsari, tsofaffi kan samu ɗan jan tsiro mai fitar da jini, ƙananan yara mata kuma fatar cikin mafitar kan juyo waje ta yi ja, iyaye su firgita su zaci an yi wa yarinyar fyaɗe. Mai ciki na iya ganin jijiyoyin jini sun kumbura a leɓɓan farji, su kuma sace bayan haihuwa. Budurwar da ta kai munzali ba ta ga haila ba, ga ciwon mara wata-wata, ga kumburi a bakin farji, wataƙila tantanin budurcinta ne ya rufe ruf, jini ke taruwa a bayansa.

Abubuwa uku da suka shafi mutanen zango

Na farko tsargiya. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, cutar ta bazu a garuruwan bakin ruwa, kuma ana samunta a kewayen tafkin Weija da ke gefen Akra. An san ta da fitsarin jini, amma ƙwan tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa da bangon farji da leɓɓansa, ya kawo gyambo, tsiro, ƙaiƙayi da zubar jini bayan saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke fama da wannan a Afirka kudu da Sahara. A ido yakan yi kama da ciwon sanyi, yakan kuma yi kama da daji. Saboda haka wadda ta girma a Yeji ko Kete Krachi ko Dambai, ko take zuwa can saro kifi tana shiga ruwa, ta faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Akwai maganin da ke kashe tsutsar, sunansa firazikwantel.

Na biyu kaciyar mata. Ghana ta haramta ta a 1994, ta ƙara tsananta dokar a 2007, amma akwai manyan mata a zango da aka yi wa tun suna yara a garuruwansu na asali. Tabon kan rufe da fata a ciki, bayan shekaru jaka ta fito a saman farji, ta yi ta girma a hankali. Ƙaramar tiyata ke raba mace da ita, kuma babu laifin da doka ta ɗora wa wadda aka yi wa.

Na uku askar wanzami. A ƙasar Hausa an daɗe ana cire angurya ana kuma yankan gishiri idan aka ce wani abu ya tare gaban mace. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe da nuna cewa yankan gishiri na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Dalili a fili yake. Abin da ya turo a bangon gaba na farji, sau da yawa mafitsara ce ko hanyar fitsari a bayansa, kuma mai aska ba shi da hanyar sanin haka. Idan kuma abin daji ne, yanka shi a gida zubar jini ne da ɓata wa likita aiki.

Yaushe ake zargin ciwon daji?

Dajin wajen farji da na cikinsa ba su da yawa idan aka gwada da na bakin mahaifa. Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna mata kimanin 47,000 ne suka kamu da na waje, kimanin 19,000 da na ciki, na bakin mahaifa kuwa kimanin 660,000. A Ghana kaɗai, mata wajen 3,000 ke kamuwa da na bakin mahaifa duk shekara, shi ne na biyu bayan na mama. Ƙarancin nan shi ke sa a yi sakaci, mai ciwo da mai ba da magani duka su yi ta cewa sanyi ne.

Dajin wajen farji ta hanya biyu yake zuwa. Ɗaya ta HPV ce, musamman nau'i na 16, kuma ta fi kama mata masu matsakaicin shekaru, masu shan taba da masu HIV. Ɗayar ta tsofaffi ce, tana biyo bayan wata cutar fata da ke sa wurin ya yi fari, ya yi siriri, ya yi ta ƙaiƙayi shekara da shekaru. Dajin da ake samu cikin farji kuwa, galibi daga maƙwabta ya tsallako, wato bakin mahaifa ko mahaifa ko hanji, shi ya sa likita ba ya tsayawa kan abin da ya gani, sai ya nemi asalinsa.

Alamomin da ba a jira a kansu su ne:

- gyambo ko tsiron da ya wuce mako biyu zuwa huɗu bai warke ba;
- ƙululu mai tauri, marar motsi, ko mai zubar jini idan an taɓa;
- ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, tare da canjin launin fata zuwa fari, ja ko baƙi ƙirin;
- jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari gauraye da jini;
- kaluluwa a matsematsi wadda ta ƙi sacewa;
- kumburin Bartholin da ya fara fitowa bayan shekara 40;
- tsiro curi-curi ko jini a gaban yarinya ƙarama.

Akwai wata alama da ta fi ɓacewa a unguwanninmu. Hajiyar da haila ta ɗauke wa shekara guda ko fiye, idan ta sake ganin jini, takan tambayi malama a Islamiyya ko istihala ce, ko za ta ci gaba da salla da azumi. Tambayar na kan hanya, amma rabin tambaya ce. Jini bayan ɗaukewar haila, ko ɗigo ɗaya ne, na asibiti ne, kuma malamai mata da ke amsa irin wannan tambaya za su ceci rayuka idan suka riƙa haɗawa da cewa a je a duba.

Matakin farko: tambaya, ido da hannu

Likita ko ungozoma za su fara da tambaya. Yaushe ya fito, yana girma ko a'a, yana zafi, yana canzawa da haila, haihuwa nawa, an taɓa ɗinki ko kaciya, me aka shafa, me aka cusa. Kada a ɓoye maganin gargajiya ko man kyamis, domin wasu mayukan na ɗauke da sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi ya kuma sauya kamannin ciwon.

Sannan a duba da haske mai kyau, a taɓa ƙululun, a lalubi matsematsi, a sa na'urar buɗa farji don ganin bangonsa da bakin mahaifa. Wurin da ƙari ya zauna kaɗai yakan faɗi sunansa: na ƙasa ta gefe Bartholin ne, na sama ta gefe ya fi kama da Gartner, na ƙarƙashin hanyar fitsari kuma daga can ake zarginsa. Kumburin Bartholin ga matashiya, da tsiron HPV, da zazzagowar mahaifa, yawanci a nan ake gane su ba tare da wani hoto ba.

Idan fata ce ta canza, akan duba da madubin ƙara girma mai fitila, kolfoskof, bayan an shafa ruwan binega mai sauƙi, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Inda ƙwayoyin fata suka fara lalacewa kan yi fari, ya nuna wa likita inda zai gutsura. A lura, gwajin Pap da na HPV da ake yi don bakin mahaifa ba sa gano dajin wajen farji. Mace na iya samun sakamako mai kyau a can, ga ciwo a waje.

Mai shekarun haihuwa akan yi mata gwajin ciki, kuma da dalili. Akwai wani daji da ke tasowa daga ragowar mabiyiya bayan ɓari ko lalataccen ciki, yakan jefa ƙululu mai launin shuɗi-shuɗi a bangon farji. Shi ba a gutsurarsa, domin yana ɓallewa da jini sosai. Gwajin sinadarin ciki a jini ke tona shi, kuma yana cikin dajin da suka fi jin magani.

Sikanin: me yake gani, me ba ya gani?

Sikanin da sauti yake aiki, sautin da kunne ba ya ji. Na'urar na aika shi cikin jiki, ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto. Tun 1958 da Ian Donald da abokan aikinsa a Glasgow suka nuna amfaninsa ga ciwon mata, ya zama hoton da ake yawan yi wa mata a duniya. Babu hasken da ke cutarwa a cikinsa, mai ciki ma ana yi mata.

Ga wannan matsala, ta hanya uku ake yinsa. Na kan mara, wanda ake cewa a sha ruwa a riƙe fitsari, yana duba mahaifa da gidan ƙwai da mafitsara, a ɗaga shi sama kuma ya duba ƙoda. Na ciki, wanda ake sa siririyar na'ura mai riga a farji, ya fi nuna mahaifa dalla-dalla, sai dai yakan zarce ƙarin da ke ƙasa, ya bar shi a baya. Na uku shi ne wanda ake ɗora na'urar a waje, kan leɓɓan farji ko kan ƙululun kansa. Shi ne ya fi dacewa da ƙarin waje da na ƙasan farji, shi ne kuma ake yi wa budurwa da yarinya, tunda ba a shigar da komai. Mai sikanin ba zai yi wannan ba sai takardar likita ta faɗi inda ƙarin yake da abin da ake nema. Wannan ne amfanin fara ganin likita.

Sikanin yana bambanta jakar ruwa da tsoka, yana auna girma da santimita, yana nuna ko jini na gudana cikin ƙarin da yawa, yana gano jinin da ya taru a bayan tantanin budurci, yana nuna ko hanji ne ya sauko ta matsematsi zuwa leɓen farji. Yana kuma duba kaluluwa, ya jagoranci allurar da za a zuƙo ɗan abin cikinta don gwaji. Idan aka ga jakar Gartner akan duba ƙoda, saboda a ciki tare aka gina su, kuma wani lokaci tangarɗar ɗaya na tafe da ta ɗayar.

Iyakarsa ita ce, tamkar ƙullin kaya ne a kasuwar Nima: daga waje za ki san girmansa, ki san mai tauri ne ko mai laushi, amma sanin abin da ke ciki sai an kwance. Canjin fata da gyambo marar zurfi kuwa, waɗanda su ne farkon dajin waje, sikanin ba ya ganinsu sam. Ingancinsa kuma ya dogara da gwanintar mai riƙe da na'urar.

MRI: lokacin da ake son sanin zurfi

MRI da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki, kuma babu hoton da ya kai shi rarrabe tsoka da tsoka a ƙugu. Ana neman sa idan ƙarin tsoka ne, ko babba ne, ko yana da zurfi, ko sikanin bai fayyace daga ina ya taso ba. Shi ke nuna aljihun da kan fito a jikin hanyar fitsari, wanda ke sa ɗigar fitsari bayan an gama da zafi lokacin saduwa, kuma ake yawan ɗauka jakar farji ce. Shi ke tona wani ƙari mai laushi da kan yi kama da Bartholin a waje alhali ya yi rassa can cikin ƙugu, wanda idan an yanke kansa kawai sai ya dawo. Idan an tabbatar daji ne, MRI ke faɗin ko ya taɓa hanyar fitsari, mafitsara ko dubura, abin da ke raba tsakanin a fara da tiyata ko a fara da gashin na'ura.

Ana kwanciya cikin na'ura mai kama da rami na minti 30 zuwa 45, ba motsi. Tana da ƙara sosai, akan ba da abin toshe kunne, amma ba zafi. Duk wani ƙarfe sai an cire: ɗankunne, sarƙa, fil ɗin hijabi, jigida mai ƙarfe, laya, waya da katin banki. Mai na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a jiki daga tsohuwar tiyata, ko robar tsarin iyali a mahaifa, ta faɗa tun kafin a shiga. Wani lokaci akan yi allurar ruwan da ke ƙara fito da hoto, shi ya sa ake gwada ƙoda tukuna, kuma ana kauce wa allurar ga mai ciki. Akan kuma sa ɗan man sikanin cikin farji don bangonsa ya buɗe a gani da kyau, da izinin mai ciwo.

CT da hoton ƙirji

CT da hasken eksire yake aiki, cikin 'yan mintuna ake gamawa. Bai kai MRI nuna farji ba, aikinsa shi ne leƙa nesa: kaluluwar cikin ciki, hanta, huhu, ko ƙoda ta toshe. Galibi bayan an tabbatar da daji ake yinsa don a san ko ya bazu. Ba a yi wa mai ciki sai dole. Hoton eksire na yau da kullum kuwa ƙashi da huhu yake nunawa, ba shi da abin faɗi kan ƙululun gaba.

Gwajin tsoka shi ke yanke hukunci

Bayofsi shi ne a gutsuri ɗan abin a duba shi a madubin ɗakin gwaji. A wajen farji, allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ɗauki gutsure mai faɗin milimita huɗu ko kusa da haka, wani lokaci a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a koma gida a ranar. Sakamako kan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni.

Ana yawan cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta samo asali ne daga ganin matan da suka isa asibiti ciwo ya riga ya ci jiki, aka yi gwaji, ba a jima ba suka rasu. Jinkirin ne ya kashe su. Gutsurar gwaji ba ta yaɗa dajin farji, kuma in ban da dajin mabiyiya da aka ambata a sama, babu likitan da zai fara maganin daji ba tare da ita ba.

Ga misalin da ke nuna darajarta. A tsarin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta sabunta a 2021, dajin waje da faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, zurfinsa cikin fata bai wuce milimita 1 ba, shi ne matakin farko na farko. A wannan mataki yanke wurin kaɗai ya isa, ba sai an taɓa kaluluwar matsematsi ba. Da zurfin ya haura milimita 1, sai an bincika kaluluwar, kuma cire ta na iya barin mace da kumburin ƙafa na dindindin. Babu sikanin ko MRI da ke auna wannan milimita ɗaya, sai madubin ɗakin gwaji. Alƙaluman Amurka sun nuna sama da mata takwas cikin goma na raye bayan shekara biyar idan an kama dajin yana wurinsa, amma idan ya kai kaluluwa adadin kan faɗo zuwa kusan rabi.

Ina za a je a Akra?

A fara da na kusa. Babban Asibitin Mamobi yana da sashen mata da haihuwa, kuma daga nan ko daga kowane asibitin unguwa ake ba da takardar turawa gaba idan da buƙata. Asibitin Ridge da Asibitin Sojoji na 37 duk ba su da nisa da Nima. Asibitin Koyarwa na Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923, yana da likitocin dajin mata da ɗakin gwajin tsoka, kuma a can cibiyar gashin daji ta ƙasa take tun 1997. Akwai kuma asibitin Jami'ar Ghana a Legon. Mutanen Kumasi da kewaye asibitin Komfo Anokye suke zuwa.

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar ganin likita da sikanin a asibitocin da ke cikin tsarinta, tana kuma ɗaukar maganin dajin mama da na bakin mahaifa. Ana sabunta kati ta waya da *929#, kuma gara a sabunta tun ana lafiya. MRI da CT suna da tsada, don haka a tambayi kuɗin tun kafin ranar, a kuma tambayi likita kai tsaye: wannan hoton zai canza maganin da za a yi mini? Idan kuɗin bai kai a yi duka ba, a nemi ya faɗi wanda ya fi zama dole. Sau da yawa amsar ita ce gwajin tsoka. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin jama'a da ake kai kukan rashin hali, kuma a 2025 gwamnati ta kafa asusun tallafa wa masu cututtuka masu cin kuɗi, ciki har da daji, wanda aka fi sani da MahamaCares.

Kunya, haƙƙi da rawar maigida

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk da haka kunyar mace abin girmamawa ce, kuma tsarin asibiti ya san da ita. Kundin haƙƙin majiyyaci na Hukumar Lafiya ta Ghana ya ba mai ciwo haƙƙin a duba ta cikin sirri, a riƙe asirinta, a yi mata bayanin ciwonta, ta kuma nemi ra'ayin wani likita idan tana so. Tana iya roƙon mace ta duba ta. Idan babu likita mace a ranar, tana iya neman nas ta tsaya a ɗakin, a rufe mata jiki a buɗe wurin da ake dubawa kawai. Malamai sun yi ittifaƙi cewa lalurar magani na halatta likita namiji ya duba mace. Wadda Turanci ko Twi ke ba wuya ta tafi da 'yarta ko ƙanwarta da ta amince da ita.

Tsofaffi su suka fi ɓoyewa. Inna ba za ta ce wa ɗanta namiji komai ba, wataƙila ta ce wa 'yarta basir ke damunta. 'Yar da ta ga mahaifiyarta na zama a karkace, ko tana yawan wanke zane a ɓoye, ta zauna da ita ta ce, "Inna, gobe mu je Mamobi a duba ki, ni zan shiga da ke." Maigida kuma ya sani cewa yawancin waɗannan ƙululu ba su da alaƙa da saduwa, HPV ɗin ma na iya kwanciya a jiki shekaru ba alama, don haka fitowar tsiro ba hujjar zargi ba ce. Abin da ake so daga gare shi izini ne da kuɗin mota da rakiya.

Kafin ranar asibiti da bayanta

Kada a matse ƙululu, kada a huda, kada a ɗaure shi da zare. Kada a cusa kanwa ko alif ko ganye, kada a zuba Dettol a ruwan tsarki, domin suna ƙona fata su bar tabon da ke rufe ciwon. Zama cikin ruwan ɗumi zalla na rage zafin kumburin Bartholin kafin a isa asibiti. Zazzaɓi tare da kumburi, jinin da ya ƙi tsayawa, kasa yin fitsari, ko kumburin da ke girma da sauri bayan haihuwa, waɗannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

A ɓangaren rigakafi, Ghana ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a faɗin ƙasa a watan Oktoba na 2025, Najeriya kuma ta fara tun Oktoba na 2023. Allurar na kare bakin mahaifa, tana kuma rage dajin waje da na cikin farji da wannan ƙwaya ke kawowa. Manya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, mai HIV daga 25.

A tafi asibiti da katin inshora, da duk takardun sikanin na baya, da kwalayen magungunan da aka sha ko aka shafa. Idan an ɗauki tsoka, a tambayi ranar fitowar sakamako da inda za a karɓa, a rubuta, a bar lambar wayar da ke aiki. Mata da yawa na jure allura da ɗinki, wurin ya warke, su ɗauka an gama, takardarsu na kwance a ɗakin gwaji ba wanda ya zo nema. A koma a karɓa, a kai wa likitan da ya tura, a nemi ya faɗi sunan ciwon da matakin da ke gaba, ko da ƙululun ya riga ya baje.